Fuskar da Tawada Ta Sata

Sati uku cur kifin nan ya yi a kan teburin ɗakin zane. Kifi ɗaya, ayaba huɗu, tumatir a faranti, da wani tulu mai tsagaggen baki a bayansu. Malamin zane ya jera su tun wata Litinin, ana dab da ƙarshen zango, ya ja labule ya daidaita haske, sannan ya ce duk wanda ya taɓa ko da wutsiyar kifin kafin ɗalibai arba'in su gama zanawa, to ya sa a ransa ya faɗi kwas ɗin. Ɗalibai arba'in kuwa ba su taɓa gama komai cikin sati ɗaya ba, kuma malamin ya fi kowa sanin haka.

A sati na biyu tumatir ya saki jiki ya fara tsiyaya. Ayaba ta yi baƙi ƙirin. Kifin ya kumbura, idonsa ya faɗa ciki, ƙudaje suka mayar da ɗakin gidan ubansu. A sati na uku tsutsa ta fito fili tana yawonta a gefen faranti, ba kunya ba tsoro. Ɗalibai suka koma ɗaura hankici a hanci, wasu na zane suna yunƙurin amai. Shi kuwa malamin, wanda suke kira Malam Sake saboda ba ya duba aikin kowa ya faɗi wata kalma sai wannan, a bakin ƙofa yake tsayawa, inda iska take, ya ce, "Haske bai canza ba. Ku zana abin da kuka gani ranar farko."

Tawada ta tsani ɗakin nan kamar ta mutu. 'Yar aji biyu ce, kuma tun shekarar farko aka liƙa mata wannan suna, don yatsunta uku na dama ba su taɓa fita tas ba komai sabulu. Ta tsani kifin, ta tsani malamin da ke kiran ƙazanta ilimi, ta tsani 'yan ajinsu da ke cin biskit a wurin da ita ko yawu ba ta iya haɗiyewa. Abin da ya fi ci mata rai shi ne lokacin da kifin yake cinye mata, domin tana da aikin da ya fi shi muhimmanci a wurinta nesa ba kusa ba.

Littafi take yi, na labari cikin zane, irin wanda ake raba kowane shafi zuwa akwatuna, kuma shi ne na farko a rayuwarta. Shafi ashirin da huɗu, labarin wasu yara uku da wata mayya mai suna Uwar Ƙuda ta mamaye musu unguwa. A ƙarshen zango sashensu yakan yi baje kolin ayyukan ɗalibai, akan ware tebur ɗaya ga wanda ya yi wani abu nasa na kansa, kuma duk shekara wani mai buga littattafan yara yakan zo ya zaga. Tawada ta ƙudura littafinta zai hau wannan tebur ko sama da ƙasa za su haɗu. A motar haya take tsara akwatunan da fensir, jaka a cinya. Da sassafe take zuba tawada a kan teburin gugar Ummanta, kafin a buƙace shi. A laccar tarihin zane kuwa, littafin darasi ne a sama, shafinta a ƙasa.

"Ke dai waɗannan zane-zanen naki su za su kai ki su baro," in ji Umma wata safiya, tana tsaye da kayan guga a hannu. "Ina sakamakon gwajin da kika ce an yi?"

"Ba a ba mu ba tukuna, Umma."

An ba su. Yana can ƙasan jaka, an ninke shi gida huɗu.

Matsala ɗaya ce ta hana littafin ƙarewa. Mayyar ba ta da fuska. Yara sun fito, unguwa ta fito, ƙudaje sun fito har fikafikansu, amma a akwati talatin da ɗaya inda Uwar Ƙuda take, ba komai a saman wuyanta sai da'irar fensir. Tawada ta gwada fuska goma sha ɗaya daga kanta, duk suka fito kamar 'yar tsana ta sha kuka. Ba wadda za ta tsorata ko jariri.

Tana da wata ɗabi'a irin ta masu wannan sana'a, wato satar fuska. Akwai ɗan ƙaramin littafi a aljihun jakarta da ba ya rabuwa da ita. In ta ga hancin da ya burge ta a layin kantin magani, ko goshin kwandasta yana masifa, sai ta sunkuyar da kai ta ɗauke shi cikin daƙiƙa kaɗan, mai abin bai sani ba. Ba ta taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Fuska dai a waje take, kowa ma kallonta yake yi.

Ranar wata Alhamis ta yi sammako don ta gama da kifin kafin ɗakin ya cika. Ta tarar da Iya mai shara ta riga ta. Dattijuwa ce 'yar gajeruwa, ta fi shekara ashirin tana share sashen, tana da tabo daga gefen leɓe zuwa haɓa, kuma fatar idonta na hagu ta ɗan sauko. An hana ta taɓa saman teburin kamar kowa, amma abin da ya tsiyayo ƙasa nata ne. Tana durƙushe da tsumma da bokiti a ƙarƙashin tebur.

"'Yata, kin yi sammako. Kin karya kuwa?"

"Na karya, Iya. Sannu da aiki."

Tawada ta kafa allonta. Tana fere fensir sai wani ruwa mai yauƙi ya ɗigo daga bakin tebur ya sauka a bayan hannun Iya. Dattijuwar ta ɗago. Fuskarta ta murɗe gaba ɗaya: leɓen sama ya ɗage har dasashi, tabon ya ja bakin gefe guda, hanci ya tattare, lafiyayyen idon ya buɗe fal, ɗayan ya rufe. Bai fi ƙiftawa biyu ba ta gyara fuska ta ci gaba da goge-gogenta. Amma hannun Tawada ya riga ya shiga aljihun jaka. Kafin Iya ta matse tsumma, fuskar tana cikin ɗan littafin, kuma tun kafin ta ɗaga fensir ta san ta sami mayyarta.

Kwana biyar ta yi tana cika da'irorin nan. Ta ƙara tsawon haƙora, ta sa ƙudaje suna fita daga hanci, amma tabon da idon da leɓen ta bar su yadda ta gan su, don da ta taɓa su sai fuskar ta mutu. Umma ta leƙo ta kafaɗarta ta ja da baya.

"A'uzubillahi! Wannan kuma daga ina?"

"Daga kaina, Umma."

"To Allah ya raba mu da abin da ke cikin kan nan naki."

A laccar tarihin zane asiri ya tonu. Dogo, wanda ke zama bayanta, mai bakin da ba ya rufuwa sai yana barci, ya miƙo wuya ya ga shafin da ke ƙarƙashin littafin darasi. Ya ƙura wa fuskar ido. Sai ya fizge.

"Kai! Wallahi Iya ce! Ku duba, Iya mai shara!"

"Ba ni abina! Ba ita ba ce."

"Ba ita ba ce? Har tabon fa! Ke, Tawada, ashe ke muguwa ce ba mu sani ba."

Shafin ya zaga layi uku kafin ya dawo mata da tambarin babban yatsan wani a gefe. Washegari duk ajin ya san sunan mayyar. In Iya ta shigo da tsintsiya, sai ka ji daga bayan ɗaki an fara kukan ƙuda da baki, a hankali, mutum biyu, sannan biyar. Wani ya ce, "Uwar Ƙuda, ga 'ya'yanki can kan kifi suna jiranki." Aka fashe da dariya. Iya ba ta gane ba, ta ɗauka wasan yara ne, har ta taya su murmushi ta ce Allah ya shirye su.

Tawada ta ji ƙyamarsu. Garada da gemu, wasu ma da aure, suna yi wa sa'ar kakarsu kukan ƙuda. Ta gaya wa kanta cewa su ne marasa tarbiyya, ita zane kawai ta yi. Ta maimaita wannan a mota, ta maimaita a gida, amma abincin ranar bai wuce mata da daɗi ba.

Saura kwana shida a yi baje koli, ga jarrabawa biyu a tsakani. Ba halin sake shafi ashirin da huɗu. Abin da masu zane kan yi in fuska ta ɓaci shi ta yi: ta yanka 'yan ƙananan takardu daidai girman kan mayyar, ta zana sabuwar fuska a kai, ta liƙa da gam a kan tsohuwar. In an yi fotokwafi ba mai ganin faci. Sabuwar fuskar ba ta kowa ba ce, doguwar haɓa da hanci mai lanƙwasa. Ta yi tara, ta kalle su, ta san ba su da kyau. Duk da haka ta ɗauki shafukan ta kai wa Malam Sake, don ba abin da ke hawa teburin sai da sa hannunsa.

Ofishinsa cike yake da zanen kifin waɗanda suka gama, an jingina su a bango. Ya karɓi shafukan bai ce ta zauna ba. Ya buɗa na farko, na biyu, yana taɓe baki. A na biyar ya tsaya, ya shafa da yatsa, ya ji tudun faci. Ya sa farce ya ɓamɓare gefensa, fuskar Iya ta leƙo. Ya cire facin gaba ɗaya ya yar a ƙasa, ya matso da shafin kusa da taga.

"Wa ya zana wannan ta ƙasan?"

"Ni ce, Malam."

"To me ya sa kika rufe ta da wannan shirmen?"

"Malam, ta yi kama da wata ne. Wata da aka sani."

"Na san wadda ta yi kama da ita, ba makaho ba ne ni." Ya buɗa sauran shafukan da sauri, yana neman inda ba faci. "Yaranki gumaka ne. Gidajenki kwali ne. A duk littafin nan abu ɗaya ne yake numfashi, shi kuma kike binnewa. Shekara biyu kina gabana, yau ce ranar farko da na ga kin kalli abu da idonki. Ki cire su duka. In kin bar faci ko ɗaya, kada ki kawo mini."

Ya sa hannu a takarda. Bai ce sake ba.

Gaskiyar magana, daɗi ta ji. Ta so ta ji haushi, ta so ta ce masa ai Iya mutum ce ba kifi ba, amma abin da ya cika mata ƙirji a kan matattakalar nan daɗi ne zalla, mai ɗumi, irin wanda ta yi shekara biyu tana jira. Kafin ta kai gida ta gama shirya hujjojinta. Malam ne ya ce. Iya ba ta karanta littattafai. Ranar baje koli mutane za su cika wurin, ita tana can bayan gini da bokitinta. Da yamma ta zauna ta ɓamɓare sauran faci takwas da bakin reza, a hankali, kada ta ji wa fuskar rauni.

Aka yi jarrabawa, ɗaya ta yi ta da kyau, ɗaya Allah dai ya kyauta. Aka yi kwafi hamsin a shagon bayan makaranta, ta ninke su da hannunta ta buga musu ƙusar takarda biyu-biyu a tsakiya. Ana gobe baje koli aka ba da izinin kwashe teburin kifi, Iya ta fita da farantin a cikin leda, aka buɗe tagogi, aka fesa turare mai arha wanda ya haɗu da warin ya zama wani abu na uku.

Ranar ta zo. An rataye zane a kowane bango, iyaye da 'yan'uwa suna zagawa suna gyaɗa kai ga abin da ba su gane ba. Tawada ta tsaya bayan teburinta da sabon mayafi, littattafanta a jere. Mutane suka fara ɗauka. Wata mata ta ɗaukar wa 'ya'yanta biyu. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya mai buga littattafan ya iso, wani mai tumbi da tabarau a goshi, Malam Sake na biye da shi. Ya ɗauki ɗaya ya karanta a tsaye, tun daga farko har ƙarshe, ya koma shafi na biyar.

"Wannan matar," ya ce, yana buga shafin da yatsa. "Wannan ita za ta hau bango, babba, da launi. Yara za su yi mafarkinta. A ina kika samo ta?"

"Daga kaina, ranka ya daɗe."

Malam Sake ya kalli rufi. Mutumin ya ba ta katinsa ya ce ta zo ofis ran Talata da ainihin shafukan. Ya tafi da kwafi biyu. Tawada ta riƙe katin, tana tunanin yadda za ta ajiye shi a kan teburin guga ba tare da ta ce wa Umma komai ba.

Bayan azahar mutane suka ragu. Wani yaro ya zubar da lemo kusa da ƙofa, aka aika a kira mai shara. Iya ta zo ta goge, ta miƙe tana dafa ƙugu, ta hango Tawada.

"A'a, 'yata! Ashe har da ke a masu tebur? Ma sha Allah. Ni dai kullum ina ganinki kina ta rubuce-rubuce, na ce yarinyar nan za ta yi abin kirki." Ta jingina tsintsiya a bango, ta matso. "In gani mana. Ban iya karatu ba, amma wannan ai ba sai an iya ba."

Tawada ta nemi hanyar hana ta. Da za ta iya cewa sun ƙare, amma ga su nan a gabanta tuli. Iya ta ɗauki na sama da hannu biyu.

Ta yi dariya a shafin farko, inda yaran ke faɗa a kan ƙwallo. Ta ce wannan mai kunnen kamar jikanta. Ta lasa yatsa ta juya, ta juya. A shafi na biyar ta tsaya. Tawada ta ga hannun dattijuwar ya tashi a hankali ya taɓa tabon haɓarta, sannan ya sauka. Daga can ƙarshen ɗaki wani ya fara kukan ƙuda, wani ya ce masa ya yi shiru. Iya ta waiga wajensu, ta dawo da ido kan shafin, kuma a fuskarta Tawada ta ga lokacin da ta gane abin da aka yi sati guda ana yi mata.

Ba ta ajiye ba. Ta ci gaba da juyawa, shafi bayan shafi, tana kallon kanta tana haɗiye kaji, tana hura ƙudaje cikin tagogin mutane, har shafin ƙarshe, inda yaran suka taru suka tura ta cikin kwata, unguwa na tafi.

"Kin iya, 'yata," ta ce. Muryarta ba faɗa. "Wallahi kin iya. Ranar nan ce ko, da kika yi sammako?"

"Iya, ni ba haka na..."

"Da kin gaya mini zana ni za ki yi, da na gyara fuska. Ni ba haka nake ba kullum." Ta rufe littafin ta mayar daidai inda ta ɗauka. "Warin kifinku ne ya sa na yi haka."

Ta goge yatsunta a jikin zaninta, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki tsintsiyarta da bokiti. Har ta juya sai ta tsaya.

"Guda nawa aka ɗauka?"

Tawada ta kalli teburin. Wannan karon ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi. Ta ƙirga da ido, ta sake ƙirgawa.

"Goma sha bakwai, Iya."

"To," in ji Iya. "Allah ya sa ba 'yan unguwarmu a ciki. Jikokina a nan kusa suke makaranta."